Kawu Buɗe-Ƙasa da Kujerar Inna Azumi

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Kawu Isiyaku wani abu a unguwar Sabon nan ta Ibadan ya san ba ya karɓa haka kawai. Sai ya juya shi, ya danna da farce, ya kai hanci ya sansana, sannan ya ɗago ya zuba maka ido.

"Ban yarda ba," zai ce. "Buɗe min ƙasan."

Buhun shinkafa ne, kwandon lemo ne, ko tuwon suna, duk ɗaya ne a wurinsa. Ni da idona na ga ya sa ludayi yana tonon kwanon fura a gidan surukansa, masu gida suna kallo. Fataucin goro ne ya mayar da shi haka. Ya ce tun yana saurayi bai taɓa kwance huhun da masu sankara suke sama ba, kullum kyawawan ne a ido, ruɓaɓɓun suna gindi. Shi ya sa kuka laƙaba masa Buɗe-Ƙasa, kuma kun san sunan bai taɓa ɓata masa rai ba. Cewa yake gara a kira shi haka da a kira shi An-Cuce-Ni.

Ni ne Nasiru, ɗan ƙanwarsa, mai albasa a kasuwar Shasha. 'Ya'yansa duk sun yi nisa, saboda haka ni na gaji aikensa da faɗansa. A duk wahalar da Kawu ya ba ni kuwa, babu wadda ta kama ƙafar ta jar motar nan.

Ga asalin maganar. Tun da Kawu ya auri Inna Azumi yake da mota, a-kori-kurarsa ta ɗaukar goro. To amma kun san al'adarmu, gaban mota na manya ne. In ba malami ba, baƙo. In ba baƙo ba, suruki. In duk babu, sai an tsinci wani dattijo a bakin masallaci yana cewa a rage masa hanya. Ita kuwa Inna kullum tana baya, tsakanin huhuna. Wata rana bayan ciwon baya ya fara zaunar da ita, muna hira a tsakar gida, sai ta ce cikin wasa, "Ni kam har zan koma ga Allah ban san yadda gaban motar Alhaji yake ba." Duk muka yi dariya. Kawu bai yi ba.

Ba a daɗe ba sai ga shi ya shigo unguwa da wata mota tokumbo, wato ta gwanjo daga waje, ja zur, mai kujera biyu tak, rufinta na tamfol ana naɗe shi baya, ga ta a ƙasa kamar faranti. Sabo ta tashi! Wasu suka ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Wasu suka ce yau dai Allah ya yi, an cuci Buɗe-Ƙasa, an sayar masa da rabin mota.

Na ce, "Kawu, ina sauran?"

"Sauran me?"

"Bayanta mana."

"Bayan ne ya hana ta shiga gaba shekara da shekaru," in ji shi. "Yanzu in ga inda za a tura ta."

Nan take ya kafa doka: ba mahaluƙin da zai zauna a kujerar nan kafin Inna. Ni ban zauna ba, makanike bai zauna ba. Har limamin masallacinmu ya tsayar da shi wata rana zai je Mokola, Kawu ya russuna a cikin mota ya ce, "Allah gafarta Malam, kujerar da mai ita." Ya tare masa keke Napep ya wuce abinsa.

Sai dai fa ga cikas. Likita ya ce bayan Inna ba ya son girgiza ko kaɗan. Motar kuwa, wanda ya riƙe ta can ƙasar waje ya sauke ta ƙasa, ya sa mata manya-manyan wili da wasu sirara tayoyi da ba su fi kaurin yatsa biyu ba. In ta taka tsakuwa sai ka ji ta a haƙoranka, balle ramukan Ibadan. Kawu ya rantse Inna ba za ta shiga ba sai motar ta yi laushi. Mu kuma da muke kusa muna ganin abin da ba ya so a gani: ƙafafunsa sun fara kumbura, daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya ya huta. Na yi masa maganar asibiti, ya ce likitan da ya duba shi ko agogonsa bai yarda da shi ba. Tun daga nan hankalina bai sake kwanciya ba, don na ga gyaran motar zai ja, shi kuma mai gyaran ƙarfinsa raguwa yake.

Muka fara da Baba Lukman, wani Bayerabe makanike a Mokola, mutum mai haƙurin da ban taɓa ganin irinsa ba. Kafin ma ya taɓa motar, Kawu ya riga ya durƙusa ya auna tayoyin da tafin hannu. Sai ya miƙe fuska a murtuke.

"An musanya min a jirgin ruwa. Na baya sun fi na gaba faɗi."

"Alaji, na so dem build am," in ji Baba Lukman. "Haka Bature ya ƙera ta."

"Kana wurin da ya ƙera?"

"Ba na wurin, amma..."

"To ka gani. Ina kuma taya ta biyar?"

"Irin wannan mota ba ta zuwa da sifeya, Alaji. Duba, ko ramin ajiye ta babu."

Kawu ya leƙa but ɗin, ya shafa, ya girgiza kai. "Kai! Wannan ɓarawo ya san aikinsa. Har ramin ya ɗauke."

Shawarar Baba Lukman mai sauƙi ce: a cire manyan wilin nan masu inci goma sha takwas, a sa masu goma sha shida, a ɗora musu tayoyi masu tsoka, su riƙa shanye dukan rami kafin ya kai ga mutum. Kawu ya kalle shi sama da ƙasa.

"Me ya sa kake so in cire manyan? Ka riga ka samu mai saye ko?"

Muka zaga wajen wasu makanikai, kowa ya faɗi abin da Baba Lukman ya faɗa. Ni har na fara murna. Kawu ya ce, "Ka gani? Sun haɗa baki." Haka muka kwashe makonni. Rannan da safe sai ya aiko a kira ni daga kasuwa, na bar albasata na taho a guje, na zaci ciwon ne. Na same shi zaune da goro a hannu yana murmushi.

"Nasiru, na gano. Goron da aka naɗe da ganye mai kauri ba ya ƙujewa a hanya. Taya ganye ce. Za mu sa ƙananan wili da taya mai kauri."

"Kawu, ai abin da Baba Lukman ya ce ke nan tun farko."

"Shi faɗa ya yi. Ni ganewa na yi."

Wajen sayen wilin ne abin ya ƙara lalacewa. Kawu ya karɓi sifana yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, kunne a jiki. Ɗaya ya yi wata ƙara daƙushasshiya. Ya zaro makulli ya kankare fentin, sai ga walda a ƙasa, wilin ya taɓa tsagewa an liƙe an shafe. Wayyo Allah! Da ma bai samu ba. Mutumin da yake zargin duniya ba dalili, yau ga dalili a hannunsa. Wilin nan bai saya ba, amma labarinsa sai da kowane teburin mai shayi a Sabo ya ji.

Sai tayoyi. Muka je wajen wani mai sayar da na gwanjo, waɗanda ake kira Beljiyam. An jera su baƙaƙe wuluk suna sheƙi. Kawu ya ɗauki ɗaya ya sansana, ya danna farce, farcen ya fito baƙi.

"Wannan taya za ta biki ne? Wa ya shafa mata man goge takalmi?"

"Oga, na grade one. Sabuwa ce kusan."

Kawu ya bi zanen tayar da yatsa, ya ce zanen nan da wuƙa aka sake yanka shi, ga sawun hannu yana karkacewa. Mai taya ya ɗauko wata, ya nuna masa wasu lambobi huɗu a gefenta, ya ce su suke faɗin mako da shekarar da aka yi ta.

"Wa ya rubuta?"

"Kamfani."

"Wato mai kaya ne ya yi wa kansa shaida. Buɗe min ƙasan."

"Oga, taya ba ta da ƙasa."

"Tana da ciki."

Haka ya sa bawan Allah ya yi ta wage tayoyi, shi kuma yana zura hannu har kafaɗa yana laluben faci, babbar rigarsa ta koma kalar gawayi. Can ya ci karo da wasu masu taushi sosai, idonsa ya yi haske, ya ce waɗannan ne na bayan Inna. Allah ya taimake mu Baba Lukman yana tare da mu. Ya ce waɗannan na ƙasashen ƙanƙara ne, in suka sha zafin kwaltar Ojoo wata biyu ba za su yi ba. Kawu ya dube shi, ya dubi mai taya. Ya rasa wanda zai fi zarga a cikinsu. Da ya ga duk ba mafita, sai ya yi abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa: ya sayi sababbi fil. Mutumin da hularsa ta girme ni!

To amma ba a ɗora su nan da nan ba, don ba a gama da ƙasan motar ba. Kawu ya ce ba zai bar tayoyinsa su bushe ba. Ya aika aka kawo masa ganyen naɗe goro, ya naɗe kowace taya tsaf, ya ɗaure da igiya, ya jera su a tsohon ɗakin ajiyarsa mai sanyi. Kullum da safe sai ya shiga da buta yana yayyafa musu ruwa. Baba Lukman ya ce ɓoye su daga rana dai daidai ne, amma ruwan na mene ne? Kawu ya ce, "Ka taɓa jin kaya ya lalace a hannuna?"

Ana haka sai wani tsohon abokin cinikinsa ya iso daga Arewa, ya leƙa ɗakin, ya ga huhuna huɗu ƙosassu.

"Alhaji, ashe ka dawo sana'a ba ka faɗa ba! A sa min suna."

Kawu ya ce ba na sayarwa ba ne. Mutumin ya ɗauka jan aji ne, ya yi ta taya su. Da ya gaji ya ce, "To kai ka koya mana, a buɗe min ƙasan." Ya sunkuya ya yaye ganyen da kansa. Na rantse muku sai da ya ja da baya yana salati. Ya dubi tayar, ya dubi Kawu, ya fita bai ko yi sallama ba. Daga baya muka ji yana ba da labari a tasha cewa goron Kurmi ya canza.

Saura shokazoba da sifirin, ƙarafan da ke tare girgiza a ƙasan mota. Kafin a kai ga gyara su, ranar wata Juma'a, motar ta hau tudun rage gudu na gaban masallaci ta maƙale a kai, cikinta a ƙasa, tayoyin baya suna juyi a banza. Sai da masu fitowa daga salla suka tattare riguna suka ɗaga ta. Kawu yana zaune a ciki ko gezau, yana cewa, "Tudun nan ba haka yake makon jiya ba. An ƙara masa tsawo." Wannan ne dai ya sa ya yarda a mayar da sifirin irin na asali, motar ta ɗan ɗago. Shokazoba kuwa saiti nawa muka mayar, Allah kaɗai ya sani. Wannan ya ce tsoho ne aka ɗura wa mai. Wancan ya ce kwalinsa ya cika kyau. Duk wanda aka ɗaura, sai Kawu ya danna gefen motar da ƙarfinsa ya saki, in ta yi lilo fiye da sau ɗaya ya ce a kwance.

Daga nan ya ƙirƙiro jarrabawar da ta kusa kashe ni. Ya ɗauko kwanon shan Inna, ya cika shi da ruwa, ya ɗora a kujerarta, ya zagaya masa bel. Sharaɗin shi ne a tashi daga Sabo, a bi ta Mokola, a kai Ojoo a dawo, ko ɗigo kada ya zuba. Ni kuma tunda ba ni da wurin zama, a okada, wato acaɓa, nake bin sa a baya, ina shan hayaƙi. Kullum muka dawo kujera a jiƙe. A rage iskar taya, a jiƙe. A ƙara iska, a jiƙe. Ya zargi kwanon. Ya zargi ruwan, ya ce na famfo ne, ba shi da nauyi, a ɗebo na rijiya. Har ni ya zarga, wai ɗan okadana yana matse masa baya yana sa shi taka birki.

"Ejo, don Allah, Alaji," in ji Baba Lukman, hannu biyu a sama. "Ko jirgin sama ne ruwan nan sai ya zuba."

"Ban yarda ba."

Damina ta zo ta wuce muna wannan. Ramuka suka ƙaru, Kawu ya ƙara ramewa. Ya kai sai na kama shi yake iya fitowa daga motar. Rannan na kasa daurewa, na ce, "Kawu, don Allah ka bari ta shiga haka." Ya daka min tsawa, ya ce in ta ji ciwo ni zan ɗauke mata? Raina ya ɓaci ƙwarai, don tsoro nake ji kada kujerar nan ta tashi a ta kwano.

Ashe Inna tana jin mu. Washegari bayan la'asar, Kawu ya cika kwanonsa ya ɗaura bel, sai ga ta ta fito tana dogara sanda, ta sha leshinta na zuwa biki, har da turare. Ta zo ta kwance bel ɗin, ta ɗauki kwanon, ta yi bisimilla ta sha, ta watsa sauran a taya.

"Hajiya, ba a gama ba!"

"Alhaji, ruwa yana da baya ne? Ni ce mai bayan. Ni za a tambaya."

Ta miƙa min sandar, ta zauna a hankali, ta gyara mayafi. Kawu ya zagaya ya shiga mazauninsa.

Suka tashi, ni ina biye a okada. Tafiya yake kamar mai ɗauke da ƙwai, masu keke Napep suna ta yi masa hon, wata mai tallan ayaba ma ta wuce su da ƙafa. Muna kaiwa Mokola na ji muryar Inna ta taso: "Alhaji, taka mana! Jana'iza za mu?" Ya taka. Iska ta ɗauke tsohuwar hular nan, ni na cafe ta. Ban san Inna tana da irin wannan dariyar ba. Har Ojoo ina jiyo ta, ta riƙe mayafi da hannu ɗaya tana nuna masa wurare da ɗayan.

Da muka dawo ya kashe mota, ya juyo yana kallonta.

"To? Yaya kika ji?"

Inna ta danna kujerar da farce, ta ɗan sansana, ta ɓata fuska.

"Ban yarda ba," ta ce. "Sai an sake gobe."

Aka sake gobe. Aka sake jibi. Duk kun gan su, kullum bayan la'asar, jar mota da tsofaffi biyu, hular Kawu a cinyar Inna. Kullum ya tambaya, kullum ta ce ba ta yarda ba tukuna.

Bayan 'yan kwanaki ya ja ni gefe, ya ce in sayo man zafi mai kyau in ba yaran gida su ajiye mata a ɗaki, kada a ce daga wurinsa ne, kuma a riƙa ɗora ruwan zafi kafin su dawo.

"Ciwo take ji," ya ce. "Ina ganin yadda take cije leɓe in za ta sauka. Ta zaci ban gani ba."

"To Kawu, a tambaye ta mana. Ko a daina."

Ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakinta.

"A'a. Wannan ba zan buɗe ba. A bar min shi yadda ta ɗaure."

Sun samu 'yan watanni suna fitarsu kafin ƙafafun su ƙi taka kuloci. Bai daɗe a kwance ba Allah ya karɓi abinsa.

Bayan Inna ta fita takaba na je gaishe ta. Motar tana nan a tsakar gida an lulluɓe ta, masu saye sun zo sun gaji. Muna hira sai ta rage murya, tana murmushi, idonta ya ciko.

"Nasiru, ka san kullum muka dawo sai na gasa bayan nan ina hawaye? Da na faɗa, da ya sake kwance motar, da har ya tafi ba mu fita ba. Duk wayonsa bai gane ba. Ni kaɗai ce a garin nan na taɓa miƙa wa Alhaji abu ya karɓa bai buɗe ƙasan ba."

Na ce, "Haka ne, Inna." Na tashi na fita da sauri, don kada ta ga fuskata. Ku ma da kuka ji yanzu, don Allah ku bar shi yadda yake a ɗaure.

Allah ya jiƙan Kawu Isiyaku, ya yafe masa zargin da ya yi mana, mu dai mun yafe tuntuni. Allah ya sa da aka buɗe ƙasan nasa huhun an tarar da alheri har gindi. Ya ba Inna Azumi lafiya da haƙuri, in lokaci ya yi kuma ya zaunar da su gefe da gefe, inda babu rami babu girgiza. Amin.